Kwamfutar Tebur Ta Ƙi Kamawa: Tambayoyi da Amsoshi

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake ɗauka zuwa wurin mai gyara da sunan sun mutu, da sauran ransu. Wani lokaci fiyus ɗin kan filogi ne ya ƙone, wani lokaci ram ne, ɗan allon da ke riƙe bayanan aikin da ake ciki, ya ɗan ɗago daga mazauninsa, wani lokaci kuma fawa fak ne, wato akwatin ƙarfen nan da ke karɓar wutar bango ya rarraba ta a cikin kes, babban akwatin kwamfutar. Amsoshin da ke ƙasa sun taso ne daga bango suka yi ciki, domin haka binciken ya kamata ya tafi: a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, kuma kada a sayi komai sai an auna.

Na danna maɓallin kunnawa, shiru. Daga ina zan fara?

Kafin ka taɓa komai, lura da abin da take yi daidai lokacin da ka danna maɓallin, don larurar kashi uku ce. Akwai wadda ko ƙyas ba ta yi, ba fitila, ba motsin fanka. Akwai wadda fankarta za ta yi juyi ɗaya ko biyu ta tsaya, ko ta yi ta kamawa tana mutuwa da kanta. Akwai kuma wadda fanka ke juyawa lafiya lau, fitila a kunne, amma allo baƙi ƙirin. Ta farko matsalar shigar wuta ce, tsakanin soket da fawa fak da maɓalli. Ta biyu galibi shot ne a ciki, wato wuta ta haɗu inda bai kamata ba, ko fawa fak ya gaji. Ta uku kuwa wuta ta shiga, abin da ya tsayar da ita yana wajen ram, katin hoto (allon da ke aika hoto zuwa monita) ko wayar monita.

Sannan ka tuna abin da ya faru kafin ta tsaya. An ɗauke wuta tana aiki? An yi tsawa? An ɗauko ta daga wani wuri a mota? An ƙara mata wani kaya? Amsar wannan kaɗai takan rage rabin aikin.

Akwai wuta a ɗakin, fitilar ekistenshan ma na ci. Sai na sake duba soket?

Sai ka duba. Cire kwamfutar daga ekistenshan da sitabilaiza da UPS (akwatin batir mai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta), ka jona ta kai tsaye a soket ɗin bango wanda ka gwada da abu mai jan wuta, irin dutsen guga. Cajar waya ba shaida ba ce, domin tana aiki ko da wutar ta yi ƙasa ƙwarai. A ƙa'ida wutar gida a Najeriya da Gana 230V ce, a Nijar 220V. Tsohon fawa fak mai jan makunni a baya yakan fara gardama idan wuta ta sauko ƙasa da 180V. Waɗanda aka rubuta 100–240V a jikinsu sun fi jure wutar da ba ta da ƙarfi.

Daga nan sai wayar da ke shiga bayan kes. A yawancin kwamfutoci iri ɗaya ce da ta monita, don haka musanya su ka gani, kuma ka tura kanta ya shige sosai, don bakin yakan saki idan ya tsufa. Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa yana da ƙaramin fiyus a cikinsa, na 5A ya wadatar da kwamfutar ofis. Idan ya ƙone a sa sabo. Masu naɗe shi da waya ko takardar azurfa suna cire kariyar da ke tsakanin kwamfutar da gobara ne. In sabon ma ya ƙone nan take, to laifin yana cikin fawa fak, a daina ƙona fiyus a banza.

Kada a manta da makunnin da ke bayan fawa fak: gefen I kunne, gefen O kashe. Mai shara ko mai matsar da tebur yakan danne shi bai sani ba.

Mene ne amfanin ɗan jan makunnin nan mai 115 da 230?

Shi ke zaɓar irin wutar da fawa fak zai karɓa. Wutar Amurka 120V ce, saboda haka kwamfutar gwanjo da aka shigo da ita daga can takan zo a kan 115. Duk wanda ya jona ta haka a wutar 230V zai ji ƙara tau, ya ga hayaƙi, fawa fak ya tafi ke nan. Duba wannan makunni tun kafin jonawar farko, ka tura shi da bakin sukundireba har 230 ya bayyana, waya a cire. Yawancin sabbin fawa fak ba su da shi, suna daidaita kansu.

Tana kamawa a bango, amma ta ƙi a kan UPS ko inbata. Me ya sa?

Ƙaramin UPS yana ɗauke da batir 12V 7Ah, wanda kan yi shekara biyu zuwa uku, ƙasa da haka ma a ɗaki mai zafi. Da yawansu idan batirin ya mutu ba sa ba da wuta ko da akwai ta NEPA. Batir mai lafiya da ya cika yakan nuna 12.7V zuwa 13V a mita, wato na'urar hannu ta auna ƙarfin wuta. Wanda ya kumbura, ko ya kasa kaiwa 12V bayan ya kwana a caji, ya gama aiki.

Akwai kuma batun nauyi. UPS mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, don haka firinta mai lesa ba ta da wuri a kansa. Wasu sabbin fawa fak ɗin kuma ba sa jituwa da wutar inbata ko UPS mai araha, wadda igiyarta ke fita da kusurwa maimakon santsi. Alamar ita ce kwamfutar ta mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta UPS ya karɓa.

An ɗauke wuta tana aiki, da aka kawo ta ƙi tashi. Ta ƙone ke nan?

Ba lallai ba. Fawa fak yana da kariya da ke kulle shi idan wuta ta yi wasa, kuma ba ya sakin kullen sai ragowar wutar da ke ciki ta zube. Zare wayar bango, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, bar ta minti biyu, ka mayar da waya ka gwada. Yi wannan kafin ka ɗauko sukundireba.

Akwai haɗari idan na buɗe kes da kaina?

Cikin kes wutar da ke yawo ba ta wuce 12V ba, ba za ta cutar da kai ba. Kai ne za ka iya cutar da kayan. Zare wayar bango tukuna, ka taɓa ƙarfen kes inda ba fenti kafin ka kai hannu kan komai, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska ke tara tartsatsi a jiki. Riƙe ram da katin hoto ta gefe, ban da taɓa haƙoransu masu ruwan zinare. Ɗauki hoton ciki da wayarka kafin ka zare kowace waya.

Akwatin fawa fak kuwa ba a buɗe shi. Manyan kafasitocin da ke ciki, wato kayan da ke tara wuta, suna riƙe 325V zuwa kusan 400V, kuma suna iya riƙewa bayan an zare waya. Wannan wuta ce mai kisa.

Na ga ƙaramar fitila na ci a kan madabod, babban allon da komai ke jone a kansa. Fawa fak lafiya lau ke nan?

Abin da fitilar ke faɗa kawai shi ne wutar jiran aiki, 5V da ke bin wayar shunayya, tana zuwa. Wannan layin da'irarsa daban ce a cikin fawa fak, yana iya aiki alhali layin 12V ya mutu. Idan madabod ɗin yana da irin wannan fitila kuma ba ta ci, bincikenka ya tsaya tsakanin bango da fawa fak. Idan tana ci, sai a wuce ga maɓalli.

Yaya zan gane ko maɓallin kunnawa ne ya lalace?

Bi siririyar wayar da ta taso daga maɓallin gaba zuwa jerin ƙananan allurai a ƙasan madabod. Kanta yana ɗauke da rubutun PWR_SW ko POWER SW, ya hau allura biyu. Zare shi, jona wutar bango, ka taɓa allurai biyun tare da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya. Maɓallin ma abin da yake yi ke nan, haɗa su na ɗan lokaci. Idan ta tashi, maɓalli ko wayarsa ne. Kafin a samo sabo, ana iya ɗora wayar maɓallin RESET a kan allurai biyun a riƙa kunnawa da shi. Maɓallin da ya maƙale a danne yana da tasa alamar: kwamfutar za ta kama, bayan daƙiƙa huɗu ko biyar ta mutu.

Yaya ake gwada fawa fak?

Nan ne ya kamata a ba lokaci, domin a kwamfutar da ko ƙyas ba ta yi, shi ne abin tuhuma na farko bayan an wanke soket da waya.

Kashe makunnin baya, zare wayar bango. Zare duk wayoyin fawa fak daga madabod da had-disk (faifan ajiyar bayanai) da katin hoto, ka bar fankar kes ɗaya ko tsohon had-disk a jone don ya sami abin ja. Ɗauki babban kan nan mai rami 24. A cikin wayoyinsa koriya guda ɗaya ce tak, ita ce ta 16, kuma ita ke ba fawa fak umarnin tashi idan ta haɗu da baƙa. Lanƙwasa ɗan guntun waya ko kilif ɗin takarda, ka tura ƙafa ɗaya a ramin koriyar, ɗaya a ramin baƙar da ke gefenta. Mayar da wayar bango ka kunna. Idan duk wayoyin baƙaƙe ne, kamar yadda ake yin na zamani, ka duba layin da maƙalin roba yake, ka fara ƙirga daga gefen da ba shi da ɗan kan nan mai rami 4 da ake iya ɓallewa. Rami na huɗu da na biyar su ake haɗawa. Idan ƙirgarka daidai ce, za ka tarar rami na takwas a wannan layin yawanci babu waya a ciki.

Fanka ta ƙi motsi, fawa fak ya mutu, sai dai a sani cewa wasu masu tsada ba sa juya fankarsu sai sun ɗau zafi. Shi ya sa mita ta fi ido. Sa ta a kan DC 20V, baƙin tsinke a kowace baƙar waya, jan tsinke a kan wadda ake aunawa:

- Rawaya: 12V, abin karɓa daga 11.40 zuwa 12.60
- Ja: 5V, daga 4.75 zuwa 5.25
- Ruwan lemo: 3.3V, daga 3.14 zuwa 3.47
- Shunayya: 5V, kuma dole ta nuna tun kafin a haɗa koriya da baƙa
- Ruwan toka: kusan 5V cikin rabin daƙiƙa bayan tashi

Wayar ruwan tokar nan mutane kan tsallake ta, alhali ita ce ke sanar da madabod cewa wuta ta daidaita. Idan ba ta ba da sigina ba, fankoki za su yi ta juyawa amma farosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba za ta fara aiki ba.

Cin wannan jarrabawa ba ya nufin fawa fak ya kuɓuta. Wanda kafasitocinsa suka bushe yakan nuna 12V cif ba kaya, da an ɗora masa farosesa sai ya durƙushe. Hukuncin ƙarshe shi ne a aro wani fawa fak da aka san yana aiki a jona. Idan naka irin wanda ake zare wayoyinsa ne daga jikin akwatin, kada ka sa wayoyin wani a nasa ko da bakin ya shiga. Jerin wayoyin ya bambanta tsakanin kamfanoni, kuma 12V da ya bi hanyar 5V yana ƙona had-disk nan take.

Tawa Dell ce, ban ga kai mai rami 24 ba.

Yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo na shekarun baya-bayan nan suna da nasu tsarin. Dell OptiPlex 3020 da 7020 da 9020 kai mai rami 8 gare su, waɗanda suka biyo baya da dama mai rami 6, HP ma yana da nasa mai 6. Gwajin koriya da baƙa ba na irinsu ba ne, kada a yi lalube da waya a ramukansu. A bayan fawa fak ɗin Dell da yawa akwai ɗan maɓalli da fitila na gwajin kai. Danne shi: koriyar fitila ta kama, fanka ta juya, fawa fak na da rai. Idan ba ta kama ba, zare wayoyinsa daga madabod ka sake dannawa. Ta kama yanzu, to wani abu a cikin kes ne ke da shot. Ba ta kama ba, fawa fak ne. Wajen saye a bi lambar da ke kan takardar jikinsa, domin siffa da kai duk sai sun dace.

Fanka na yin juyi ɗaya ta tsaya.

Fawa fak ya tashi, ya ji shot ko nauyin da ya fi ƙarfinsa, ya kashe kansa. Aikinka shi ne gano wanda ke jawo hakan, ta hanyar rage kaya. Fara da waje: zare duk abin da ke jikin USB, ka haska cikin kowane rami da tocila. Ramin da robar tsakiyarsa ta karye, haƙoransa suka lanƙwashe suna taɓa ƙarfe, shi kaɗai ya isa ya hana kwamfuta tashi. Idan na gaban kes ne, zare wayarsa daga madabod.

A ciki, zare had-disk da SSD da na'urar DVD da katin hoto da fankokin kes. A bar madabod, farosesa da fankarta, ram ɗaya, kai mai rami 24, da kai mai rami 4 ko 8 da ke kusa da farosesa. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi bayan an yi shara, kuma kada a rikita shi da mai rami 6+2 na katin hoto. Idan ta tashi a haka, riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kafin kowace jonawa, har mai laifin ya bayyana.

Ta ƙi duk da haka, sai a kwance madabod a ɗora shi a kan kwali a gwada a waje. Noti guda da ya faɗa bayansa, ko ƙafar tagulla da aka ɗaura a kes inda madabod ba shi da rami, suna haɗa bayansa da ƙarfe. A leƙa ta ragar fawa fak kuma, don kyankyaso da tsaka suna son ɗumin wurin, gawarsu kan haɗa wuta.

Fanka na juyawa, fitila na ci, amma allo bai nuna komai ba.

Fara da monita. Kunna ta ita kaɗai, ya kamata ta nuna sunan kamfani ko saƙon rashin sigina. Tabbatar an zaɓi mashigar da waya ke ciki, VGA ko HDMI ko DisplayPort. Idan kwamfutar na da katin hoto, wayar monita a jikinsa take shiga, can ƙasa, ba a ramin madabod na sama ba. Farosesar Intel da lambarta ta ƙare da F ba ta da sashen hoto ko kaɗan, dole sai da kati.

Bayan monita sai ram, wanda shi ya fi kowa jawo wannan alama. Zare wayar bango, buɗe maƙalan gefe, ciro ram duka. Goge haƙoransa a hankali da kilinar fensir mai tsabta, kaɗe ɓurɓushin, hure ramin da bulowa. Mayar da guda ɗaya, ka daidaita tsagar da ke jikinsa da tudun da ke cikin ramin, ka danna gefe biyun da ƙarfi har maƙalan su rufe da kansu ka ji ƙas. Ram da ya shiga rabi a ido kamar ya zauna ne, sai ka duba maƙalin ka ga bai kai tsagarsa ba. Gwada kowane ram shi kaɗai, a kowane rami. A madabod mai rami huɗu, na biyu da na huɗu daga farosesa, A2 da B2, su aka fi so a fara cikawa. DDR3 haƙora 240 gare shi, DDR4 da DDR5 kowanne 288 amma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, don haka ba a tilasta wani a ramin wani. Sabuwar kwamfuta mai DDR5 kuma takan yi mintoci allo baƙi a tashin farko tana daidaita ram, a ba ta lokaci kafin a ce ta ƙi.

Idan sabon haɗi ne, a duba ko BIOS ɗin madabod, wato manhajar da ke cikinsa mai tayar da kwamfuta, ya san farosesar. Madabod B450 da aka yi kafin fitowar Ryzen 5000, alal misali, ba zai tashi da ita ba sai an sabunta shi.

Tana kuka fit-fit, ko fitilar maɓalli na ƙyaftawa. Me take nufi?

Wannan alheri ne, kwamfutar ce ke faɗa maka inda ke mata ciwo. Ƙirga kukan ko ƙyaftawar, ka lura da launi, ka nemi littafin samfurinka, domin kowane kamfani da nasa lissafin. A tsofaffin HP Compaq na ofis, jar fitila sau 2 zafin farosesa ne, sau 4 matsalar wuta, sau 5 ram, sau 6 sashen hoto. Dell yana ƙyafta fitila kashi biyu da ɗan tsayawa a tsakani, sai a rubuta lambobin biyu. Madabod na zamani da yawa kuma suna da fitilu huɗu masu suna CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ce inda aka maƙale.

Ga gwaji mai amfani idan akwai ƙaramar lasifika a madabod: cire ram gaba ɗaya ka kunna. Idan ta yi kukan rashin ram, farosesa da madabod na da rai. Idan shiru, tuhuma ta koma kansu ko kan fawa fak.

Ɗan batirin nan mai kama da kwabo zai iya hana ta tashi?

Yana iyawa a wasu samfuran. CR2032 ne, mai 3V. Sabo yakan nuna 3.2V ko sama kaɗan, wanda ya sauko ƙasa da 2.8V a canza shi, gefen + a sama. Alamarsa ta farko ita ce agogo da kwanan wata su riƙa komawa baya. Cire shi na minti biyar, wayar bango a zare, yana mayar da saitin BIOS yadda ya fito daga kamfani, wanda kan warware maƙalewar da wasan wuta ya jawo. Bayan haka a gyara kwanan wata, kuma idan Windows ya ƙi buɗewa a duba saitin SATA a cikin BIOS, wato yadda faifai ke aiki da madabod, mai yiwuwa ya sauya tsakanin AHCI da RAID.

Tana tashi, bayan 'yan mintoci ta mutu, sai ta huce take sake kamawa.

Zafi ne. Farosesa takan kare kanta idan ta doshi digiri 100. Ƙurar hunturu tana toshe tsakanin haƙarƙarin ƙarfen sanyaya har iska ta kasa wucewa. Fitar da kes waje, riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta gudu, ka hure da bulowa, ka bi da buroshi mai laushi. Tabbatar ƙafafun fankar huɗu duk sun kama, wayarta kuma tana kan CPU_FAN. Idan ka ɗaga ƙarfen, goge busasshen man sanyaya da ke tsakaninsa da farosesa da sifirit, ka ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya. A AMD mai soket AM4, murɗa ƙarfen kaɗan hagu da dama kafin ka ja, in ba haka ba zai fizgo farosesar allurai su lanƙwashe.

An yi tsawa, ko wuta ta zo da ƙarfi har ƙwayaye suka fashe. Akwai fata?

Shinshina ragar fawa fak. In akwai ƙauri, kada ka sake jona shi, don kowace jonawa na iya tura ɓarnar zuwa madabod. Sau da yawa shi kaɗai ke tafiya ya tsare sauran. Idan wayar nutural ta tsinke a layin unguwa, wutar gida na iya haurawa ta doshi 400V, abin da ba fawa fak ɗin da zai jure. Tsawa kuma ba ta wayar wuta kaɗai take shiga ba, tana biyo wayar intanet ta ƙona madabod ta ramin netwok. Kashe makunni ba ya tsare wannan, zare wayoyin ne kariya. Janareto ma a bar shi ya daidaita kafin a jona kwamfuta, a kuma kashe ta kafin mai ya ƙare, lokacin da injin ke sama da ƙasa.

In gyara fawa fak ko in sayi wani?

A ganinmu saye ya fi. Fiyus ɗin ciki ba ya ƙonewa haka kawai, akwai abin da ya yi shot a bayansa, kuma gyaran da aka tsaya a canza fiyus ba ya kwana. Wajen saye kada babban rubutun 500W ya ruɗe ka. Duba teburin jikinsa, ka ninka amfiyan layin 12V da 12. Wanda ya rubuta 18A wat 216 ke nan a layin da farosesa da katin hoto ke sha. Kwamfutar ofis marar katin hoto wat 300 na gaskiya ya ishe ta har da rara. Ɗaga shi a hannu kuma: wanda ba shi da nauyi an rage masa kayan ciki. Tsohon fawa fak na asali da aka ciro daga kwamfutar kamfani sau da yawa ya fi sabo marar suna.

Kes ɗin na ɗan jan hannuna idan na taɓa.

Soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, ko an karya ƙafar filogi ta uku. Matatar da ke cikin fawa fak tana zubar da 'yar wuta a jikin kes, wadda wayar ƙasa ya kamata ta kwashe. Mai gyaran wuta za a kira ya ja wayar ƙasa ta gaske. Barin ta haka na lalata ramukan USB da HDMI a lokacin jonawa, kuma ranar da fawa fak ya yi shot ba abin da zai tsare mai taɓawa.

Yaushe za a ce madabod ne ya tafi?

Sai bayan an gwada shi a kan kwali da fawa fak mai aiki, da ram mai aiki, da sabon batir, an haɗa allurai biyun da sukundireba, ya ƙi. Ko kuma ido ya gani: kafasita da kanta ya kumbura ko ta zubar da abu ruwan ƙasa, tabon ƙuna kusa da farosesa, allurai lanƙwasassu a cikin soket. Farosesa ba ta cika mutuwa ba, ita ce ta ƙarshe a jerin tuhuma. Madabod ɗin da za a saya dole soket ɗinsa ya dace da farosesar, ramukansa su dace da irin ram ɗin da ke hannu.

Takarduna da hotunana fa, sun tafi?

Suna kan had-disk ko SSD, kuma mutuwar fawa fak ko madabod ba kasafai take taɓa su ba. A ciro shi, a jona a wata kwamfutar ta wayar SATA ko ta akwatin USB, a kwashe abin da ake so. Had-disk babba mai inci 3.5 yana buƙatar akwati mai nasa adafta na 12V, wutar USB kaɗai ba ta juya shi. Idan za ka kai wa mai gyara kuma akwai bayanan sirri ko na aiki, kana iya cire shi ka riƙe, domin ba a buƙatarsa wajen gano dalilin ƙin kamawa. Kwamfutar da ba ta kawo wuta ba fomatin ba ya gyara ta, don haka kada ka amince a goge maka komai da wannan hujja. Idan an kulle faifan da BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, zai nemi makulli mai lamba 48 a kwamfutar da aka kai shi, ko bayan an canza madabod. Yawanci yana ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka shiga kwamfutar da shi, ko wajen mai kula da kwamfutocin ofis, sai a nemo shi tun kafin a fara kwance kaya.